Ushirin Carnegie: Yadda Garuruwan Amurka Suka Mallaki Ɗakunan Karatunsu

Tsakanin shekarar 1883 da 1929 an gina ɗakunan karatu 2,509 da dukiyar mutum guda, Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka. Kusan 1,700 daga cikinsu a Amurka suke, 660 a Birtaniya da Ayalan, sauran kuma a Kanada da wasu ƙasashe. Masu ba da wannan labari sun fi son su daɗe a kan yawan kuɗin da girman kyautar. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sharaɗin da aka ɗaura wa kyautar a wuya. A mafi yawan garuruwa Carnegie bai yarda ya aza ko tubali ɗaya ba sai garin da ya roƙa ya ba da fili, ya kuma yi alkawari a rubuce cewa kowace shekara zai fitar da kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin daga harajinsa domin sayen littattafai da biyan ma'aikata. Wannan ushiri, a ganina, shi ya raba ɗakunan da suka rayu da waɗanda suka koma kufai.

An haifi Carnegie a 1835 a Dunfermline ta ƙasar Sikotlan, ɗan masaƙi ne wanda injinan saƙa suka kashe wa sana'a. A 1848 iyayensa suka yi ƙaura zuwa Allegheny, daura da Pittsburgh, yaron ya kama aiki a masaƙar auduga a kan dala ɗaya da santi ashirin a mako, daga baya ya zama ɗan aike a ofishin waya. A nan ne wani mutum, Kanar James Anderson, ya buɗe wa yara ma'aikata ɗakin littattafansa mai kimanin littafi ɗari huɗu, kowace Asabar yaro ya ari ɗaya ya dawo da na makon jiya. Da aka zo aka ce wanda ba almajirin sana'a ba ne sai ya biya dala biyu, Carnegie, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya rubuta wa jaridar gari wasiƙar ƙorafi, har aka janye dokar. Ke nan tun yana saurayi ya san zafin ƙofar da aka rufe saboda kuɗi.

Kyautarsa ta farko ga Pittsburgh ba ta karɓu ba. A 1881 ya yi wa birnin tayin dala 250,000, amma dokar jihar Pennsylvania a lokacin ba ta ba birnin ikon kashe kuɗin haraji a kan ɗakin karatu ba. Sai da aka gyara doka, sannan aka sake zama, ginin bai buɗe ba sai 1895. An sassaƙa a saman ƙofarsa cewa kyauta ne ga jama'a. Irin wannan ya faru a jihohi da dama: son samun ginin Carnegie ya tilasta wa majalisu yin dokokin harajin laburare, waɗanda suka ci gaba da aiki bayan kuɗin attajirin sun ƙare.

Bayan ya sayar da kamfaninsa a 1901 a kan dala miliyan 480, rabon ya zama kamar na masana'anta. Sakatarensa James Bertram, wani ɗan Sikotlan mai ƙarancin magana, shi ke karɓar wasiƙu. Yakan aika wa gari takardar tambayoyi: mutum nawa gare ku, kuna da laburare, nawa kuke kashe masa, akwai fili? Kyautar takan kama misalin dala biyu a kan kowane mazaunin gari. Garin mutum dubu biyar zai sami dala 10,000, ya kuma ɗauki nauyin dala 1,000 kowace shekara har illa masha Allahu. Bertram ba ya karɓar alkawarin baka, kuma ba ya karɓar alkawarin wani mai hali cewa shi zai riƙa biya. Sai ƙudurin majalisar gari, da sa hannun magajin gari.

A nan ne aikin jama'a ya fara, domin kafin majalisa ta yarda ta ƙara wa mutane haraji dole wani ya zaga ya shawo kansu. A ƙananan garuruwa da yawa mata ne suka yi wannan wahala. Ƙungiyoyin mata na karatu sun riga sun tara 'yan littattafai a ɗakin haya a saman wani kanti, ko a kusurwar ofishin gari, suna karɓar aikin tsaro bi da bi ba albashi. Su suka rubuta wa Bertram, suka dafa abinci suka sayar don sayen fili, suka bi gida gida suna neman sa hannu. Abin lura kuwa shi ne a yawancin jihohi matan nan ba su da ikon jefa ƙuri'a a manyan zaɓuka sai 1920, wato sun gina hujja ne suka miƙa wa mazajensu su kai akwati. Rigimar inda za a aza ginin ma takan raba gari biyu, 'yan wannan unguwa da 'yan waccan, wani lokaci shekaru. Ba na ganin wannan rigima a matsayin aibu. Mutum ba ya faɗa a kan abin da bai ɗauka nasa ba.

Ba kowa ne ya karɓa ba. Garuruwa sama da ɗari biyu an yi musu tayi amma ginin bai tabbata ba, wasu don nauyin harajin, wasu don ƙin mai kyautar. A watan Yulin 1892 an yi yajin aiki a masana'antar Carnegie ta Homestead, abokin kasuwancinsa Henry Clay Frick ya ɗauko 'yan tsaron haya na Pinkerton, aka yi musayar wuta, aƙalla mutum goma suka mutu, aka karya ƙungiyar ƙwadago, shi kuwa Carnegie yana can Sikotlan. Ma'aikacin da ke tsaye gaban tanderu awa goma sha biyu a yini yana da ikon tambaya: yaushe zan karanta littafin, kuma da gumin wa aka saye shi? A 1904 ƙungiyoyin ƙwadago na Wheeling, a jihar West Virginia, suka yi gangami har masu ƙuri'a suka ƙi amincewa da kuɗin da zai kawo ginin Carnegie. Daga baya garin ya gina nasa da kuɗinsa. Ina ganin mutanen Wheeling sun fahimci darasin ushiri fiye da wasu da suka karɓa.

Sharaɗin ya ce ɗakin karatu na kowa ne, amma a kudancin Amurka kalmar kowa ba ta haɗa da baƙar fata ba, kuma Carnegie bai matsa a kan haka ba. A 1902, da za a buɗe ginin Atlanta, W. E. B. Du Bois da wasu suka je gaban hukumar laburaren suna tambayar dalilin da zai sa a karɓi harajinsu a hana su shiga. Ba a ba su reshe nasu ba sai 1921, ba a kuma buɗe musu babbar ƙofa ba sai 1959. Hujjar tasu dai daga ushirin ta fito: wanda ya biya yana da haƙƙi. A Louisville ta jihar Kentucky baƙaƙen fata sun sami reshe a 1905, ya koma ginin Carnegie a 1908 a ƙarƙashin Thomas Fountain Blue. Blue ya mai da wurin zauren unguwa, ƙungiyoyi suna taro a ciki, ana gasar ba da labari ta yara, ana kuma horar da matan da suka je suka riƙe ɗakunan karatu na baƙaƙe a wasu biranen kudu. An ware su ne don a ƙasƙanta su, suka ɗauki abin da aka ba su suka yi aikin da ya fi ƙarfin niyyar masu warewar.

Gini da haraji suna kawo mutum bakin ƙofa. Abin da ke sa ya dawo gobe shi ne abin da ya tarar a ciki, kuma a nan ma'aikata suka yi rawar gani. A da mai karatu yakan rubuta sunan littafi a takarda ya miƙa, ma'aikaci ya shiga ciki ya ɗauko, kamar mai sayen magani. Rassan Pittsburgh na ƙarshen shekarun 1890 suna cikin waɗanda suka bar mutane su shiga tsakanin kantoci su zaɓa da hannunsu, suka kuma keɓe wa yara ɗaki. Frances Jenkins Olcott, wadda ta shugabanci sashen yara daga 1898, ta kafa zaman tatsuniya na mako mako. Ta kuma aika da ƙananan akwatunan littattafai zuwa gidajen talakawa: a ajiye akwati a gidan wani yaro, yaran maƙwabta su taru, wata mai sa kai ta zo ta karanta musu. Haka aka kai littattafai makarantu da filayen wasa. Yawancin iyayen yaran nan baƙi ne daga gabashi da kudancin Turai, ba su jin Turanci sosai, ta hannun 'ya'yansu laburare ya shiga gidajensu.

Birnin New York, wanda ya sami dala miliyan 5.2 a 1901 don gina rassa sittin da biyar, ya nuna yadda kowane reshe ke ɗaukar kamannin unguwarsa. A unguwannin Yahudawa an zuba littattafan Yiddish da na Rashanci, ana koyar da Turanci da dare. A 1920 aka ba Ernestine Rose reshen titi na 135 a Harlem, daidai lokacin da unguwar ke cika da baƙaƙen fata daga kudu da tsibiran Karebiyan. Ta ɗauki ma'aikata baƙaƙe, ta buɗe zauren ga masu zane da marubuta da masu muhawara. Ɗaya daga cikin waɗanda ta ɗauka, Pura Belpré 'yar Puerto Rico, ta yi suna wajen ba yara labari da Sifaniyanci da Turanci tana wasa da 'yan tsana. A 1926, da dala 10,000 daga gidauniyar Carnegie, aka sayi tarin littattafai da takardun Arturo Schomburg kan tarihin baƙar fata aka ajiye a reshen. Daga wannan ɗan reshe na unguwa aka sami cibiyar Schomburg da masu binciken tarihin Afirka ke zuwa har yau.

Ita kanta gidauniyar ta gane cewa tubali kaɗai bai isa ba. Ta aiki masanin tattalin arziki Alvin Johnson ya zaga ɗakunan, ya dawo da rahoton cewa da yawa gini ne mai kyau ba ƙwararren ma'aikaci, wasu garuruwan kuma sun saɓa alkawarin ushiri. A 1917 aka daina ba da sabuwar kyautar gini, aka karkata ga horar da ma'aikata. Wannan sauyi ya taɓa mu nan gida. Kuɗin gidauniyar ne suka taimaka wajen buɗe laburaren Legas a 1932, sai dai na masu biyan kuɗin shiga ne, don haka ya zama na Turawa da 'yan boko ƙalilan. Kuɗinta ne kuma suka kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare a Ibadan, wadda ta fara aiki a 1960. A Arewa ɗakunan karatu na En'e da akwatunan littattafan da ake aika musu daga Kaduna sun zo ne daga sama, bisa umarnin hukuma. Ban ga inda aka tara mutanen gari aka tambaye su ko sun yarda su ɗauki nauyi ba, ina kuma jin wannan yana cikin dalilan da suka sa in hukuma ta juya baya ba mai tashi ya yi faɗa.

Hujja mafi ƙarfi tana a garuruwan da Carnegie ya fi yi wa alheri. A Braddock da Homestead da Duquesne, inda masana'antunsa suke, bai nemi ushiri ba: ya gina, ya kuma ajiye asusun da za a riƙa kula da su. Ginin Braddock, na farko da ya buɗe a Amurka a 1889, yana da wurin wanka a ƙasa don ma'aikata su wanke baƙin tanderu kafin su hau sama, daga baya aka ƙara zauren kiɗa da wurin iyo. Komai an ba su, ba abin da aka nema daga gare su. Da shekaru suka ja, asusun ya kasa, kamfani ya janye hannunsa, babu kuma al'adar biyan haraji da za a jingina da ita. Aka rushe na Duquesne a 1968. Na Braddock ya rufe a 1974, rufinsa yana yoyo, ana shirin rushe shi, sai wasu mutanen gari tare da ma'aikacinsa na ƙarshe suka haɗu suka saye shi a kan dala ɗaya. A 1983 suka buɗe ɗaki guda tak don yara, suka ci gaba da gyara sauran kaɗan kaɗan, da gudummawa da aikin gayya, a garin da ya rasa mafi yawan mutanensa bayan faɗuwar kasuwar ƙarfe. Tsohon wurin wankan ma'aikatan nan sun mai da shi ɗakin koyon ginin tukwane.