Ado Ko Amfani? Muhawarar Masu Zanen Gini

Idan muka waiwayi tarihin gine-gine na ƙarni na 20, za mu tarar da wata muhawara da ta raba kawunan masana: shin gini don amfani kawai ake yin sa, ko kuwa ado ma yana da nasa gurbin?

Tun a 1896 Louis Sullivan, wani mai zanen gini a Amurka, ya koyar da cewa aikin da gini zai yi shi ya kamata ya tsara siffarsa. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Jamus a 1919 ta ɗauki wannan ra'ayi da ƙarfi, sannan a 1923 Le Corbusier ya kamanta gida da inji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ake ƙarancin muhalli, sai dogayen benaye na kankare da gilashi, marasa ado, suka cika birane.

A 1966 Robert Venturi ya fito ya ƙalubalanci wannan tafarki. A ganinsa mutum yana bukatar gini mai ma'ana, mai tuna masa tarihi da al'ada. Masu irin wannan suka sun sami babbar hujja a birnin St. Louis na Amurka. A can ne aka gina wa talakawa rukunin gidajen Pruitt-Igoe, benaye 33 masu hawa 11 kowanne, bisa zanen Minoru Yamasaki. Ba su kai shekara ashirin ba suka lalace, aka fara rushe su a 1972. Charles Jencks ya rubuta a 1977 cewa da wannan rusau ne ginin zamani ya mutu.

Amma mu muna ganin an bar jaki ana dukan taiki. Da kuɗin haya aka dogara wajen gyaran gidajen, alhali mazauna talakawa ne, akasarinsu baƙar fata da wariya ta takura. Jama'ar birnin na raguwa, ayyuka na ƙaura zuwa bayan gari. Da ɗakuna suka zama kufai sai kuɗin gyara ya yanke. Ko da an ƙawata bangon, lifta ba za ta gyaru ba.

Saboda haka, ɓangarorin biyu sun shagala da fuskar gini. Tambayar da ta fi cancanta mu yi ita ce: wa ya ji ta bakin mutanen da za su kwana a ciki?