Daga Makuba zuwa Fenti: Tarihin Gyaran Fuskar Bango

Gyaran bango kafin a yi masa ado tsohuwar sana'a ce a arewacin Nijeriya, ta girmi fentin gwangwani nesa ba kusa ba. Ruwan damina ne babban abokin gaban ginin ƙasa, shi ya sa magina suka sa kariya a gaba, ado ya biyo baya.

A Kano da Zariya da Katsina, idan an gama jera tubali sai a yi yaɓe da jar ƙasa da aka kwaɓa da busasshiyar ciyawa, a bar shi ya sha iska. Daga nan a bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Masu hali kan yi laso, wato haɗin katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Sai bango ya bushe sarai ake shafa farar ƙasa ko a fitar da zane. A wannan al'ada aka san Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

A Gella kuwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, da sauran garuruwan gindin duwatsun Mandara, tsohon gini zagayayyen ɗakin ƙasa ne mai jinka. Bakin jinka kan kare saman bango, amma feshin ruwa na cin gindinsa. Saboda haka gyara aikin rani ne: a kankare inda ya ɓurme, a yayyafa ruwa don sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa, a cike tsaga, sannan a sake yaɓe.

Siminti ya sauya fuskar sana'ar. Masana'antar Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuwa a 1979, daga nan bulo da filasta suka yaɗu har ƙauyuka. Sauyin ya zo da nasa aibi. Filastar siminti a kan bangon ƙasa takan ɓamɓare, domin danshi na maƙalewa a tsakaninsu. Fentin da aka shafa a kan ɗanyar filasta kuwa kumbura yake yi ya sale, musamman in gishirin ƙasa ya taso daga tushen gini.

Ƙwararrun masu fenti na yau suna bin matakan magabata ne da sabbin kayan aiki. Sukan bar sabuwar filasta ta yi kamar wata guda, su kankare tsohon fenti, su wanke ƙurar hunturu da gansakuka, su toshe kowace kafa, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shafin farko kan zama na share fage, sannan launi ya hau. Komai tsadar fenti, ba ya daɗewa a kan bangon da ba a gyara ba.