Iferwan: ƙauyen da ke gindin Tamgak

Ƴan uwa matasa, da yawanmu in aka ce Abzin, Agadas kawai muke tunawa, sai ko Arlit saboda uraniyom. Amma can cikin duwatsu, gabas da Arlit, akwai wani ɗan gari mai suna Iferwan, a bakin korama, gindin dutsen Tamgak. Mutanensa Abzinawa ne, masu garka da kiwo. Da raƙumi ko sa suke jan ruwan rijiya su shayar da alkama, masara da albasa a inuwar dabino.

Mu ƴan kudu ba baƙi ba ne ga wannan ƙasa. Tarihin baka na Gobirawa ya ce a Abzin suka zauna kafin su gangaro. Kuma ayarin Kel Ewe, da ke kai gishiri da dabinon Bilma har Damagaram da Kano su komo da gero, daga waɗannan duwatsu yake tashi.

A farkon 1899 rundunar Faransa ta Furo da Lami ta sauko daga Aljeriya ta yada zango a Iferwan. Raƙumansu sun mutu da yawa a hamada, mutanen wurin kuma ba su yi marmarin ba su wasu ba. Watanni suka yi a maƙale nan. Sai a watan Nuwamba suka iso Zinder. Lamin nan shi ne ya mutu a yaƙin Kusiri da Rabe a 1900, aka sa wa Njamena sunansa na da, For Lami. A lakkwal an koya mana Kusiri, ba a ce mana komai kan ƙauyen da ya tsaida su ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na kusa. A watan Fabrairu 2007 ƴan tawayen MNJ suka kai hari barikin soja na Iferwan, daga nan tawaye na biyu ya tashi. Aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, abinci ya daina shigowa. Kusan kowa ya gudu, wasu Arlit, wasu Agadas, wasu cikin duwatsu. Garka kuwa ba ta jira, in ba ruwa ƴan makonni ta bushe. Bayan an ajiye makamai a 2009 mutane suka fara komowa suna gyaran rijiyoyi.

A 2011, lokacin da gundumomin Nijar suka ƙaru daga 36 zuwa 63, aka ɓalle Iferwan daga Arlit ta zama gunduma mai ferefenta, da ƙananan hukumomi biyu, Iferwan da Timiya. Wani zai ce ƙauye ne, me zai yi da ferefe? A ganina mai wannan magana bai taɓa kwana a bayan mota kan hanyar duwatsu don neman sa hannu a takarda guda ba.