Barmani Choge a Akwatin Talabijin: Waiwaye Kan Wani Zamani da Ya Shuɗe

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa ta mujallarmu ta shekara-shekara mun ga ya dace mu ɗan jingine batun magudanan ruwa da rijiyoyin burtsatse da gyaran ajujuwa, mu waiwayi wani yanki na tarihinmu wanda yake neman ɓacewa. Muna nufin zamanin da jama'ar Hanwa, manya da yara, suke taruwa gaban akwatin talabijin domin kallon marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge tare da 'yan amshinta da makaɗan ƙwaryarta. 'Yan'uwanmu mazauna Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal waɗanda suka yi ƙuruciya a gida ba sa buƙatar dogon bayani. 'Ya'yansu da aka haifa a can kuwa, da yawansu ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Zuwan talabijin ƙasarmu

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna. A wannan shekara ce kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, maƙwabciyarmu. Cikin 1977 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NTA wadda ta haɗe gidajen talabijin na ƙasa a inuwa guda, sannan a 1982 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta samar da CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV.

A wancan lokaci akwatin talabijin kayan ƙawa ne, ba kowane gida yake da shi ba. Ana gane gidan da ya mallake shi da dogon sandan eriya da ya ɗara rufin kwano. Sai yamma ta yi ake fara shirye-shirye, hoton kuma fari da baƙi ne a yawancin gidaje. Da an idar da sallar isha'i sai maƙwabta su hallara, dattawa a kan tabarma, yara a bakin ƙofa da jikin taga, kowa yana fatan kada a ɗauke wuta. A haka muka san Samanja Mazan Fama, muka san ɗan Zazzau marigayi Ƙasimu Yero, muka ga fuskokin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos bayan mun daɗe muna jin muryoyinsu a rediyo. Amma duk ranar da aka ce Barmani ce za a nuna, iyayenmu mata ne suke kama sahun gaba, tuwon dare ma da wuri ake sauke shi.

Wace ce Barmani?

An haifi Hajiya Sa'adatu a garin Gwaigwayi da ke ƙasar Funtuwa cikin shekarun 1940, ta shahara tun daga shekarun 1970, Allah kuma ya yi mata rasuwa a Funtuwa cikin watan Maris na 2013. Mu mutanen Hanwa ba mu taɓa ɗaukar ta baƙuwa ba. Titin da ya ratsa ta gabanmu daga Kwangila, ya bi ta Samaru da Shika da Giwa, shi ne yake kai matafiyi Funtuwa. Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 kuwa, jiha ɗaya muke da su.

Kiɗan da ta yi fice a kansa shi ne amada, kiɗan ƙwarya na matan cikin gida, wanda ake yi a lokutan biki da suna. Tun kafin Barmani matan Hausa suna da fagensu na waƙa: waƙoƙin daka da niƙa da daɓe da reno, da kiɗan shantu na 'yan mata. Ta fannin ilimi ma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata ta hannun 'Yan Taru. Sai dai amada ta daɗe a bayan katanga, inda namiji baligi ba ya shiga. Barmani da takwararta Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano suna sahun gaba cikin waɗanda suka fito da wannan kiɗa fili har duniya ta san shi.

Abin da ido ya gani

Rediyo da kaset sun isar da muryarta ko'ina, amma talabijin ce ta nuna yadda aikin yake. Mai kallo zai ga mata zaune a jere, ƙorai a kife gabansu. Akan kifa ƙwarya a kan ruwa cikin babban masaki, iskar da ta maƙale a ƙarƙashinta ita ke ba da amon nan mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji. In aka rage iskar ko aka ƙara, sautin sai ya sauya. Da kayan da ke cikin kowane madafi waɗannan mata suka haɗa kiɗan da ya ishi taron dubban mutane.

Ita kuma Barmani tana tsaye, ta sha ado da zane da ɗankwali, tana jagorantar waƙa tana taka rawa a hankali irin ta manyan mata. Ba ta riƙe takarda, babu kuma injin gyaran murya. Takan jefa ɗango, 'yan amshi su cafe, ta ɗan saurara kiɗa ya numfasa, sannan ta dawo da wani zancen da ba a zata ba. Wani lokaci da ido kawai ko ɗaga hannu take ba makaɗa umarni. Wanda ya kalli waƙa guda sau biyu a wurare daban-daban zai lura ba ta maimaita ta daidai wa daida, domin takan dubi mutanen da ke gabanta ta ɗinka musu magana gwargwadonsu. A nan gwanintarta take, kuma wannan ne abin da kaset shi kaɗai ba ya iya nunawa.

Akwai wani abu kuma da ya wuce nishaɗi. Matar da ke cikin kulle a Hanwa, wadda ba ta fita sai da dalili, ta ga mace irinta, mai magana da harshenta, a cikin akwatin da gwamna da minista suke bayyana. Ta ji ana faɗin abin da ke ranta a bainar jama'a: zaman kishi, wahalar haihuwa, halin miji mai rowa, da takaicin hannu-baka-hannu-ƙwarya.

Saƙo da ce-ce-ku-ce

Waƙarta da ake kira "A Kama Sana'a Mata" ta isa misali. A cikinta ta zaburar da mata su nemi na kansu, ta kuma yi wa mai zaman kashe wando shaguɓe. Mun san gidaje da dama a unguwarmu inda kuɗin ƙosai da ƙuli-ƙuli da saƙar hula da adashi suka biya kuɗin makaranta, suka yi kayan ɗaki. Cikin masu karanta wannan mujalla akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a waɗanda irin wannan gumi ya ɗauki nauyinsu. Lokacin da uwargidan shugaban ƙasa Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, kiran neman sana'a ba baƙon zance ba ne a kunnen matanmu.

Gaskiya kuma ɗaya ce, ba kowa ne ya yi na'am da ita ba. Wasu malamai da magidanta sun ƙyamaci fitowar mace tana waƙa da rawa gaban maza, wasu kuma sun ga akwai kalaman da suka dace da tsakar gidan biki amma suka yi nauyi a akwatin da yara suke kallo. Wannan ƙorafi yana da tushe, ba kuma za mu raina masu shi ba. Sai dai ko da mutum bai yarda da duk abin da ta faɗa ba, waƙoƙinta sun adana yadda matan Hausa na ƙarni na 20 suke tunani da magana, abin da littattafan tarihi ba su cika kulawa da shi ba.

Abin da ya rage gare mu

Daga 1990, da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo, kiɗan fiyano ya riƙa mamaye fage, har ya kai yau a yawancin bukukuwa na'ura ake kunnawa. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Kaset ɗin bidiyo kuwa ba ya jure zafi da ƙura da laima. Abin da ake samu a YouTube gutsattsari ne, yawanci hoton ya dushe.

Saboda haka muna miƙa kira ga 'yan'uwa. Duk wanda yake da tsohon kaset na bidiyo ko na rediyo a cikin adaka, musamman na bukukuwan da aka yi a Hanwa, ya fito da shi a juye shi a kwamfuta tun bai lalace ba. In mun zo gida hutun Sallah, mu zauna da iyayenmu da kakanninmu mata, mu ɗauki waƙoƙin daka da na kai amarya da wayoyin da ke aljihunmu, da izininsu. Muna kuma ba shugabannin ƙungiyarmu shawarar su tuntuɓi masana harshe da al'adun Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda ba su da nisa da mu, domin a adana abin da aka tara yadda ya kamata. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, amma ba ya jiran gobe, domin tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa kullum raguwa suke yi.

Allah ya jiƙan Hajiya Barmani Choge, ya gafarta mata kurakuranta, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ɗaukaka Hanwa da ƙasar Zazzau baki ɗaya, amin.