BABI NA UKU: HALACCIN MULKIN ALHAJI SHEHU SHAGARI BAYAN ZAƁEN 1979

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda jam'iyyu biyar suka samu rajista a Jamhuriya ta Biyu. A wannan babi kuwa za a duba taƙaddamar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 11 ga Agusta, 1979, da kuma matsayinta a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Abin da ake nufi da halaccin mulki a nan shi ne yardar waɗanda ake mulka cewa wanda ke kan kujera ya hau ta ta hanyar da ta dace.

Dokar zaɓe ta wancan lokaci ta shimfiɗa sharuɗɗa biyu. Dole ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u, sa'annan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar. Sharaɗin farko bai jawo gardama ba, domin Shagari na NPN ya samu ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN kuma 4,916,651. A na biyun ne gizo ya yi saƙa. Jihohi 19 ne a lokacin, 19 kuwa ba ta rabuwa gida uku daidai. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a ta goma sha uku, wato Kano, inda Malam Aminu Kano da PRP suka yi kaka-gida, kashi 19.94 cikin ɗari kawai ya samu.

Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa ukun 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba. Ke nan sai a ɗauki biyu bisa ukun ƙuri'un Kano, wato 813,842, a nemi rubu'insu, wanda ya kama 203,460 da rabi. Shagari kuwa yana da 243,423. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta bayyana shi a matsayin wanda ya ci, Awolowo ya garzaya kotu, kuma a ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Mai Shari'a Fatai-Williams ta tabbatar da zaɓen, kwana biyar kafin rantsarwa. Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran. A ganin mai wannan nazari, lissafin yana da rauni a wuri ɗaya: an rage ƙuri'un Kano zuwa biyu bisa uku, amma an bar na Shagari cif-cif ba a rage ko ɗaya ba. Naɗa Akinjide ministan shari'a daga baya ya ƙara wa 'yan adawa abin faɗa.

To, yaya wannan ya kasance a gabashin Sakkwato? Jihar ta ba Shagari kusan kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta, mafi yawan ragowar kuma suka tafi ga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim. Dalilin wannan goyon baya ya girmi 1979. Rabah ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, Shagari kuwa ya riƙe minista a ƙarƙashin NPC, kuma tun 1962 Sarkin Musulmi Abubakar III ya naɗa shi Turakin Sakkwato. Jama'a da dama sun ɗauki NPN a matsayin magajiyar jam'iyyar Sardauna, don haka rikicin lissafin da ake yi a Ikko bai taɓa tushen yardarsu ba.

Bugu da ƙari, wannan yanki yana da nasa tarihin gardamar gado. Lokacin da Shehu Usmanu ya rasu a 1817 an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, baffansa Abdullahi na Gwandu kuwa bai yi ba sai bayan yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kai masa ɗauki. Bellon nan shi ne ya kafa ribaɗin Wurno, a can kuma ya rasu a 1837. Haka a 1938, Ahmadu Bello yana Sarkin Rabah ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka ba shi Sardauna. A duka biyun, abin da ya rufe maganar shi ne wanda ya rasa ya sallama a gaban jama'a. Awolowo bai yi wa Shagari irin wannan sallamawa ba, shi ya sa hukuncin kotu ya ba shi kujera amma bai ba shi yardar jihohin Yarbawa ba. Ƙawancen da NPN ta ƙulla da NPP ta Azikiwe don samun rinjaye a majalisa shi ma ya watse a 1981.

Abin da ya fi kusa da manomin gulbin Rima shi ne aiki da abinci. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori masu neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka da dama, alhali ga aikin madatsar ruwa ta Goronyo yana tafe da irin tambayoyin nan na ƙasa da diyya. Daga 1982 kuɗin mai ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu, ga shinkafar waje ta zama hajar 'yan siyasa, abin da ba zai yi wa mai noma ta a fadamar Wurno daɗi ba.

A zaɓen Agusta 1983 FEDECO ta ba Shagari ƙuri'a sama da miliyan 12, ya cika sharaɗin jihohi ba tare da wani lissafi ba, amma zargin maguɗi ya fi na 1979 nesa ba kusa ba. A Ondo an yi ƙone-ƙone da kisa bayan zaɓen gwamna, har kotu ta mayar wa Michael Ajasin kujerarsa. Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin, Manjo-Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki. Madatsar Goronyo ba a kammala ta ba sai a 1984, lokacin Shagari yana tsare.