Hutun Makaranta da Ya Zama Aikin Bishara

A shekara ta 1957 ɗalibai uku daga Amurka suka ɗauki hutun makarantarsu suka tafi Meziko da mota cike da Bisharar Yahaya cikin Sifaniyanci. Jagoransu, George Verwer, bai kai shekara 20 ba. Har kayansa ya sayar domin kuɗin hanya.

A 1961 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka kama shi da littattafan Kirista, suka kore shi. Wannan kora ce ta nuna masa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya shiga kiran matasa su ba da hutunsu. Haka ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. A 1963 matasa wajen 2,000 suka bazu cikin Turai da littattafai.