Motar Kara ta Arewa da Tsofaffin Motocin Rimot na Japan

A shekarar 1987 kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka a Japan ya fitar da wata motar wasa mai suna Clod Buster. Girmanta kashi ɗaya cikin goma na motar gaske ne. Tana da inji biyu na lantarki, ɗaya a gaba ɗaya a baya, tayoyinta huɗu duka suna ja kuma duka suna karya kwana, ana tuƙa ta daga nesa da rimot mai aiki da igiyar rediyo. Yau shekara kusan 40 ke nan, amma har gobe akwai magidanta masu furfura a Amurka da Ingila da Jamus da ke farautar tsofaffinta a wurin masu gwanjo, su kwance ta, su wanke, su sauya abin da ya karye, su sake mata fenti, ranar hutu su fita da ita fili. Wanda ya ji wannan labari a Geceme ko Tibiri, a yankin Arewa na Nijar, zai ce wasan masu ƙoshi ne, babu ruwanmu. Ni kuwa ina ganin da ruwanmu, domin abin da ya raya waɗannan motoci shekara da shekaru shi ne abin da yaran Arewa suka daɗe suna yi da kara da gwangwani, kuma shi muke bari yana salwanta a kan idonmu.

Asalin motar da ake kwaikwayo a garaji aka haife ta. Wani Ba'amurke mai suna Bob Chandler, mazaunin yankin St. Louis a jihar Missouri, yana da a-kori-kura ƙirar Ford F-250 ta 1974. Yawan shiga daji da ita ya sa kullum sai wani abu ya karye, shi kuma duk abin da ya karye sai ya maye gurbinsa da wanda ya fi shi ƙarfi da girma, har motar ta zama dodo, aka sa mata suna Bigfoot. A 1981 ya hau kan wasu matattun motoci da ita ya murƙushe su, aka ɗauki hoton bidiyo, daga nan abin ya zama wasan da ake cika fili a kalla. Tayoyin da irin waɗannan motoci suka shahara da su, masu tsayin inci 66, wato kusan tsayin mutum, asalinsu na injinan watsa taki a gona ne. Shi ma Tamiya ba da roba ya fara ba. A 1946 aka kafa shi a matsayin wurin yanka katako, ya koma yin kayan wasa na itace, sai a 1976 ya fitar da motarsa ta rimot ta farko, ƙirar Porsche 934. Da yayin Bigfoot ya kama, sai ya fito da Blackfoot da Monster Beetle a 1986, Lunch Box da Clod Buster a 1987.

Abin lura shi ne yadda aka sayar da su. Mai saye kwali yake samu cike da gutsattsarin roba da ƙananan notuna da haƙoran giya da ɗan bututun giris, tare da littafin zane mai nuna inda kowane abu zai zauna, kowane ɓangare da lambarsa. Yaro sai ya kwana biyu ko uku yana haɗawa kafin ya ga taya ta juya. Saboda haka ranar da ta lalace ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Kuma suna lalacewa ƙwarai. Akwatin giyar Blackfoot ya yi suna wajen buɗewa haƙora su riƙa tsallake juna. Abin rage gudu na wancan zamani yana da wani ɗan farin dutse da ke yin zafi har ya ƙona yatsa. Batirin mintoci kaɗan yake yi ya mutu. Rimot ɗin yana aiki da wani ɗan ƙaramin kiristal a zangon mega 27, idan yara biyu suka zo fili da kiristal iri ɗaya sai motar wannan ta riƙa bin umarnin wancan, dole ɗaya ya haƙura ya jira. Masu gyaran yau da waɗannan matsaloli suke fama, ga kuma roba da ta tsufa ta zama kamar sakaina, ga tayoyi da suka tsattsage. Da kamfanin ya ga buƙatar ba ta mutu ba, sai ya sake buga Lunch Box a 2005, Monster Beetle a 2015, Blackfoot a 2016, kayan gyara suka wadata. A shekarun nan dai an sayar da miliyoyin motocin rimot masu araha waɗanda aka haɗa a masana'anta ba tare da an tanadi kayan gyaransu ba. Waɗannan bola ta cinye su, ba mai neman su.

To mu dawo gida. A Afrilun 1899, lokacin da rundunar Bafaranshe Voulet ta auka wa Lugu ta gamu da Sarauniya Mangu, da ƙafa da doki da jaki da raƙumi ake ratsa Dallol Mawri. Shekara guda kafin nan Nikola Tesla ya riga ya nuna ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa da rediyo a birnin New York, wato dabarar rimot ta riga mota isowa Arewa. A ƙarshen 1924 ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a baya maimakon taya, waɗanda suka taso daga Colomb-Béchar a Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, suka ƙetare Sahara suka bi ta Yamai da Doso suka nufi Damagaram. Mai kamfanin, André Citroën, mutum ne da ya gane darajar abin wasa, tun a shekarun nan yake sa a ƙera ƙananan motoci irin nasa don yara su tashi da sunansa a baki. Yaran Arewa ba wanda ya kawo musu irin waɗannan. Abin da suka samu shi ne kallo: motar kwamanda, daga baya manyan motocin gyaɗa, Land Rover da Fijo 404, gingimari mai lodin buhuna ranar kasuwa, da tireloli a kan babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Dogondutsi. Yaron da kakansa ya hau dokin kara, shi sai ya ɗauki karan nan ya yi mota.

A dubi yadda ake yin ta. Da kaka, bayan an yanke gero, kara ya bushe a gona, yaro zai zaɓi mai kauri ya ɓare bawonsa siri-siri da haƙori ko reza. Totuwar ciki mai taushi ita ce ginshiƙi, bawon kuma shi ne ƙusa, ana soka shi cikin totuwa ya riƙe. Da haka ake tayar da shasi, a ɗora kai, a yi bodi mai tsarin katako irin na motar kasuwa, har da tsani a baya inda karen mota zai maƙale. Taya daga sakaina ake fafe ta, ko a yanka tsohon silifa a zagaye, a huda tsakiya da ƙusa mai zafi. Wanda ya ƙware sai ya koma langa-langa da waya: gwangwanin madara ko na tumatir a buɗe shi a daddale da dutse, a naɗe bakinsa kada ya yanki hannu, a ɗaure mahaɗai da zaren robar tsohon tif. Daga nan sai doguwar waya ta taso daga gatarin gaba zuwa ƙugun mai mota, a lanƙwasa ƙarshenta ta zama sitiyari. Idan ya murɗa hagu tayoyin gaba su bi hagu. Wannan sandar ita ce rimot ɗinsa. Kuma yaro yakan gano da kansa cewa ƙaramar taya tana nutsewa a rairayin dallol, sai ya ƙara mata faɗi da tsayi, dabarar da Chandler ya bi da tayoyin injin taki.

Za a ce wannan yabon talauci ne, yaro ya yi motar kara ne don ubansa ba shi da kuɗin saya masa ta kanti. Gaskiya ne rashi ne ya haife ta, kuma babu mai hankalin da zai so a dawwama cikin rashi don a adana wasa. Amma tarihin Tamiya ya nuna cewa ƙira ba ta da alaƙa da rashi kaɗai. Iyayen da suka sayi Clod Buster masu hali ne, suna iya sayen haɗaɗɗiya, suka biya kuɗi mai yawa don a ba ɗansu wahalar haɗawa. Abin da suke saye da tsada, ɗan Geceme yana samunsa a bayan gida kyauta. Matsalar ita ce da kuɗi ya ɗan shigo hannunmu, abin da muke saye shi ne ƙaramar motar rimot ta roba da ake jibgewa a kasuwa gab da Salla, wadda kafin a gama yawon Salla haƙorin giyarta ya cinye, babu na sauyawa, babu littafi, sai a jefar. Yaron ya tashi daga maƙeri ya koma ɗan kallo.

Za a kuma ce kwatancen bai yi ba, domin motar Japan tana shekara 40, ta kara kuwa damina ɗaya ba ta gani, gara da akuya sun gama da ita. Haka ne. Sai dai ko a cikin masu tara tsofaffin motocin rimot akwai wannan gardama. Wasu suna ajiye tasu a kanta cikin gilashi, wasu ma ba su taɓa buɗe kwalin ba don kada daraja ta faɗi. Wasu kuwa suna cewa motar da ba ta sha ƙura ba gawa ce, su fita da ita ta karye su gyara, har ya zama a jikinta babu abin da ya saura na asali sai suna. A ganina waɗannan na biyu su suka fi gaskiya, kuma su ne 'yan'uwan yaran Arewa. Abin da ke wucewa daga wa zuwa ƙane a unguwa shi ne sanin yadda ake yi, kuma shi ma yana iya mutuwa. Idan aka yi tsara biyu na yara a jere ba su ƙera ba, babu littafin zane da za a koma a duba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa zamani na lantarki ne, kara ba zai koya wa yaro waya da batir ba. Wannan na yarda da shi, kuma shi ya sa ban ce a hana motar rimot ba. A ba yaro ita tare da sukudireba. Idan ta mutu kada a jefar, kada kuma a doke shi don ya buɗe cikinta. Ɗan injin da ke ciki yawanci lafiyarsa lau, ana iya ɗaura shi a motar langa-langa da batirin tsohuwar wayar salula da zaren roba a matsayin bel. Ba cewa ake kowane yaro zai zama Jelani Aliyu ba, ɗan Sakkwaton nan da ya yi karatu a Birnin Kebbi ya wuce Detroit ya zana Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Amma garejin Dogondutsi da masu gyaran famfon sola da injin ban-ruwa a fadamun dallol duk hannu suke nema wanda ba ya tsoron kwance abu.

Ƙaramar hukumar Geceme, wadda ta koma ƙarƙashin Tibiri da aka raba ta da Dogondutsi a 2011, tana da mutum sama da 100,000 a ƙidayar 2012, kuma kamar sauran Nijar kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Na san akwai abin da ya fi wasa damun mutane, ga tsaro ga tsadar hatsi. Amma abin da ake nema a nan ba ya cin kasafi. A garin Philipstown na Afirka ta Kudu ana shirya tseren motocin waya na yara kowace shekara, gari ya fito kallo. Malaman lakwal na Geceme da Lido da Tibiri suna iya yin irinsa bayan girbi, lokacin da kara ke zube ko'ina, a ba da kyautar littafi da alƙalami ga motar da ta fi kyau da wadda ta fi juriya a rairayi. Motar da ta ci a ɗauki hotonta, a rubuta sunan maƙerinta da shekara, a aika da ita Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai.